Motar golf da ta ƙi tsayawa a gangare: yadda muka sa mata birkin faifai mai aiki da mai a Bauchi

Motar da zan yi bayani a kanta Club Car DS ce, mai batir, bolt 48, tokumbo, tana aiki a wani wurin biki da shaƙatawa da ke bayan garin Bauchi ta hanyar Dass. Duk wanda ya san wannan yankin ya san ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, duwatsu ne da tudu da kwari, to shi ma wurin haka yake, filin ajiye motoci yana can sama kusa da get, zauren taron kuma yana ƙasa, tsakaninsu gangare ne mai ɗan tsawo da aka zuba wa jar ƙasa da tsakuwa, ga kwana a ƙarshensa daidai inda kwalbati take. Aikin motar ta ɗauko tsofaffi da masu goyo da duk wanda tafiyar za ta wahalar, ta sauko da su, in an tashi ta mayar da su. Ni sana'ata birki ce da ƙafar mota, shi ya sa aka neme ni.

Abin da ya faru, ranar wani kamu ne, yaron da ke tuƙa ta ya ɗauko iyayen amarya mata uku, ana tsakiyar gangaren ya ga gudun yana ƙaruwa ya taka birki, bai ji ta rage ba ya ƙara dannewa da ƙarfi, sai tayar baya ɗaya ta kulle, bayan motar ya juyo gefe tana ja a ƙasa har ta je ta jingina da shingen furanni dab da kwalbatin nan. Allah ya kiyaye ba wanda ya karye, ɗaya daga cikinsu ce ta buge gwiwa, amma wadda ke kujerar baya saura ƙiris ta faɗo don kujerar baya take kallo kuma ba abin riƙewa sosai. Washegari Alhaji mai wurin ya sa aka ajiye motar ya ce ba mai sake hawa sai an gano matsalar, kuma gaskiya na yaba masa da wannan, da yawa cewa za su yi a ɗan ja waya a ci gaba.

Da na je, kafin in taɓa sifana sai da na zagaya motar, don tun daga nesa ka san ba haka ta fito daga kamfani ba. Ita irin wannan motar asalinta ta mutum biyu ce da jakunkunan sandunan wasa a baya, tayarta inci 18 a kan rim mai inci 8, gudunta bai wuce kilomita 20 zuwa 24 a awa ba, kuma a kan ciyawa aka yi ta ta riƙa yawo. Birkinta na dirom ne a tayoyin baya biyu kawai, waya ce ke jan shi ba mai ba, gaba babu birki sam. Kuma wannan ba laifin kamfani ba ne, ga aikin da aka ƙera ta dominsa birkin ya wadatar, tun farkon shekarun 1980 aka fara yin wannan samfurin ana amfani da shi lafiya. Amma wannan da ke gabana an ɗaga ta sama, an sa mata taya mai inci 22 a kan rim mai inci 10 saboda kar cikinta ya riƙa gogar duwatsu, an cire wurin jaka an ɗora kujerar mutum biyu. An canza mata komai ban da birki.

Bari in tsaya a nan in yi lissafi, don shi ne na yi wa Alhaji a bayan wani katin gayyata kuma shi ya sa ya fahimci zancen. Motar da batiranta tana kai wajen kilo 400, batiran kaɗai guda shida ne masu bolt 8 kowanne kusan kilo 29. Ka ɗora mutum biyu, ka ce kilo 540 ke nan. Yanzu ka ƙara kujerar baya da ƙarfenta da ƙarin mutum biyu, ta haura kilo 700. Sannan tayar da ta tashi daga inci 18 zuwa 22, duk juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da da, gudu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, kuma shi ƙarfin da birki zai kashe ba daidai da gudu yake hawa ba, gudun ne sau kansa, wato wannan ƙarin kaɗai ya mayar da aikin birki kusan ɗaya da rabi. Ka haɗa da nauyin, aikin ya kusa ninki biyu. A daidai wannan lokacin kuma babbar taya tana rage wa birkin ƙarfi, don dirom ɗin girmansa bai canza ba amma nisan da ke tsakanin tsakiyar ƙafa da ƙasa ya ƙaru, ƙarfin riƙon da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ga shi injin wannan motar irin na da ne wanda in ka ɗaga ƙafa daga totur ba ya riƙe ta, sakinta yake ta gangara, ba kamar wasu sababbi ba da injin da kansa ke rage gudu yana mayar da wuta batir.

Sai abu na ƙarshe wanda shi ne ya juya motar. Duk abin hawa in ka taka birki nauyinsa gaba yake komawa, a gangare kuma abin ya fi tsanani, to tayoyin da ke da birkin su ne nauyi ke barinsu, waɗanda nauyin ke danne wa kuma ba su da birki. Tayar da ta yi sauƙi a kan tsakuwa nan da nan take kullewa, kuma tayar baya in ta kulle ba ta ƙara riƙe layi, gefe take bi.

Da muka ɗaga ta a jak muka buɗe baya, ai sai ga sauran labarin. Ɓangaren hagu sil ɗin aksul ya mutu, man giya ya zubo ya jiƙa takalman birkin sun yi baƙi suna santsi, wannan ƙafar kusan ba ta aikin komai. Ɓangaren dama takalman sun ƙone sun yi ƙyalli saboda su kaɗai ke ɗaukar wahala. Wayoyin biyu ɗaya ta cije a cikin rigarta saboda ƙura da ruwan wanki, ɗan abin da ke daidaita takalmi da kansa in ya ci shi ma ya daskare da jar ƙasa. Iskar taya kuwa mai faci ya ɗura kusan 40 kamar ta babbar mota, alhali irin waɗannan tayoyin wajen 20 suke so, dubi jikin tayar yana nan a rubuce, taya in ta yi tauri haka tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa.

Alhaji da ya ga haka ya ce, "To Malam, ai ka gano ciwon, a canza waɗannan ɗin shi ke nan ko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan dole ne a canza su ko za a yi wani abu ko ba za a yi ba. Amma in na gyara su na mayar maka da birkin motar mutum biyu ne mai ƙaramar taya, kai kuma mutum huɗu kake ɗorawa a gangare. Zaɓi biyu ne, ko a mayar da ita yadda take a cire kujerar da manyan tayoyin, ko a ba gaba birki."

Ya ce cire kujera bai taso ba, don ita ce amfanin motar. To aka tsaya a kan birkin gaba. Amma duk da haka baya muka fara gyarawa, sabon sil, sababbin takalma, sababbin wayoyi biyu, muka wanke dirom muka goge shi, muka daidaita yadda ƙafafun biyu za su kama tare. Ina nanata wannan don na ga masu ɗora sabon birki a gaba su bar ruɓaɓɓe a baya, kuma makullin fakin na wannan motar, wancan ɗan fedan da ke saman babban feda, da birkin baya yake aiki, in baya ya lalace ka ajiye ta a tudu za ka tarar da ita a kwari.

Daga nan sai muhawarar kayan aiki. Wani abokin aikina mai gyaran Keke Napep, wanda hannunsa ya faɗa sosai a birkin mai don ita keke birkinta na dirom ne amma mai ke tura shi, ya kawo shawarar mu haɗa da kanmu, mu samo faifai da kalipa na mashin, wato abin da ke matse faifan, mai walda ya yanka mana ƙarfen riƙewa, mu ɗauko masta, wato famfon da feda ke tura mai da shi, ta wata ƙaramar mota. Ba raina aikin gida nake ba, wallahi akwai abubuwa da yawa da muke haɗawa a nan su fi na kwali ƙarko, amma a wannan na ƙi, kuma ga dalilina. Kalipa dole ta zauna daidai tsakiyar faifai, in ta karkace ko da kaɗan ne pad, wato takalmin da ke gogar faifan, zai ci gefe ɗaya ya riƙa ja. Wurin da za a kafa ta shi ne ƙarfen da ke riƙe da ƙafa da sitiyari gaba ɗaya, ka sa masa wutar walda ka canza masa ƙarfi ba ka sani ba sai ranar da ya tsage. Firam ɗin wannan motar kuma alminiyom ne, waldar bakin hanya ba ta kama shi. Sannan girman masta da na kalipa lissafi ne, misali masta mai faɗin milimita 16 in tana tura fistin mai milimita 32 ƙarfin ƙafarka ya ninka huɗu, ka sa masta babba feda ya yi tauri birki ba ƙarfi, ka sa ƙarama feda ya nutse har ƙasa kafin ya kama. Mota mai ɗaukar tsofaffi ba wurin gwaji ba ce.

Sai muka yi odar cikakken saiti da aka ƙera don wannan samfurin. Kamfanoni irin su Jake's a Amurka suna yin su, akwai kuma na Chana kala-kala, ta hannun wani mai kawo kaya a Legas aka samo mana namu. Abin da zan ja kunnen duk mai son saye shi ne kar ya ce "na motar golf" kawai, sai ya faɗi kamfani da samfuri da shekara, ga lambar mota nan a jikin firam, sannan ya faɗi ko an ɗaga motar da kuma irin ɗagawar, don saitin motar da aka ɗaga daban yake da na wadda ba a ɗaga ba, na E-Z-GO ko Yamaha kuma ba zai shiga Club Car ba. Kuma yawanci ba sa shiga cikin rim mai inci 8, sai 10 zuwa sama, mu dai mun ci sa'a an riga an canza. Mun ɗauki hotunan ƙafar ta kowane ɓangare mun tura kafin a biya kuɗi. Tsada kam akwai ta, da dala ake lissafin, kuɗin kawowa ma ba kaɗan ba ne.

A cikin kwalin akwai hob biyu, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, da faifansu, kalipa biyu da pad, ƙarafan riƙewa, masta da 'yar tankinta, tiyo, da sandar da ke haɗa masta da feda. Ɗaurawar kanta ba ta da wani wuya ga wanda ya saba, amma kafin nan sai da muka canza bushin na kinpin, wato ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kansa, da kan tayarod ɗaya, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, da ya yi lako-lako, saboda ƙafar gaban nan tunda aka yi ta ba ta taɓa ɗaukar ƙarfin birki ba, yanzu kuma duk tsayawa ita za ta sha, in akwai wasa a ciki mota za ta riƙa fizga gefe. Muka sa sabon boris da giris, muka wanke faifan da ruwan sabulu don cire man da ake shafa masa kar ya yi tsatsa a hanya, muka ɗaura kalipa. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi, kalipa tana da hagu da dama, ɗan notin cire iska dole ya kasance a sama, in ka musanya su ya koma ƙasa to ko kwana za ka yi kana famfo iska ba za ta fita ba don ita sama take taruwa. Tiyo kuma muka bi da shi muka ɗaure, muka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe muna kallo kar taya ta goge shi ko ya miƙe ya yi tsirit.

Man birki mai lamba DOT 4 muka zuba, sabuwar gora a rufe. DOT 3 ma yana yi in shi masu saitin suka rubuta, bambancin shi ne zafin da suke jurewa kafin su tafasa, na 3 digiri 205 na 4 kuma 230 in suna sababbi, amma dukansu suna shan danshin iska, in suka sha ruwa sai jurewar ta faɗo zuwa wajen 140 da 155. Shi ya sa ban yarda da man birkin da ake aunawa a buɗaɗɗiyar gora ba. Kuma don Allah kar a zuba jan man sitiyari ko man inji, robobin ciki kumbura suke su lalace, DOT 5 shi ma jinsinsa daban ne ba a haɗa shi da waɗannan. Mun fara cire iskar masta tun kafin a haɗa tiyo, sannan ƙafar da ta fi nisa, sannan ta kusa, yaro yana taka feda ina buɗe noti ina rufewa, har mai ya fito fes ba kumfa kuma fedan ya daina yin laushi kamar soso.

Inda aikin ya ci lokaci na gaske shi ne daidaitawa, kuma a ganina nan ne ake gane wanda ya iya. Yanzu feda ɗaya ne yake jan abu biyu masu hali daban, waya a baya wadda sai ta ɗan miƙe kafin ta kama, da mai a gaba wanda kana taɓawa ya amsa. In sandar masta ta yi tsawo, gaba zai kama tun baya bai farka ba, a kan tsakuwa tayoyin gaba su kulle ka juya sitiyari mota ta ƙi juyawa ta miƙe, a wannan wurin kuwa miƙewa na nufin kwalbati. In ta yi gajarta ka koma gidan jiya, baya ya kulle gaba yana kallo. Abin da muke nema su kama kusan tare, gaba ya ɗauki kaso mafi yawa in an danna sosai, kuma makullin fakin ya ci gaba da shiga haƙorinsa yana riƙewa. Haka muka yi ta yi, a ɗaga mota a jak, mutum ya taka feda a hankali, biyu suna juya tayoyi da hannu suna faɗin lokacin da kowacce ta fara kamawa, a sassauta a ƙara, a sauke a gwada a fili, a duba sawun taya a ƙasa a ga wacce ta ja. Sannan dole a bar ɗan wasa kaɗan tsakanin sanda da fistin masta in feda yana sama. In babu wannan wasan ƙaramar kafar da mai ke komawa tanki tana toshewa, da safe mota lafiya lau, rana na yin zafi irin na Maris da Afrilu a Bauchi mai ya buɗe ba shi da wurin komawa, birki ya kama kansa, faifai ya yi zafi batir ya riƙa ƙarewa da wuri a rasa dalili.

Bayan nan muka zaunar da pad, wato a ɗan yi gudu a rage da matsakaicin birki ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita, a bar shi ya huce. Sabon pad ranar farko ba ya nuna ƙarfinsa, kar wanda ya yanke hukunci a kai.

Gwajin da buhunan yashi muka fara shi, ba da mutane ba, muka ɗora a kujerun daidai nauyin manya huɗu. Tun kafin mu sa na gaba, bayan gyaran baya, na riga na ja layi a gangaren na sa dutse a inda ta tsaya, don a samu abin kwatantawa. Da birkin baya kaɗai, ko da yake sabo ne, tana tsayawa amma sai ta ja taya bayan yana ɗan karkata. Da na gaba ta tsaya tun da sauran nisa kafin ta kai dutsen, a miƙe, ba jan taya, kuma abin da ya fi faranta min rai shi ne ana iya riƙe ta a hankali tun daga sama har ƙasa da ɗan taɓi kawai. Muka jiƙa wani ɓangare da ruwa muka sake, nan ma ta riƙe layi, shi faifai a fili yake yana watsar da ruwa da zafi, dirom kuwa rufaffe ne abin da ya shiga ya zauna. Sai a ƙarshe Alhaji da kansa ya hau, aka sauko da shi, ya ce wa yaron, "Kai, sake hawa da ni mu ƙara saukowa."

Akwai abin da birkin nan bai gyara ba kuma na faɗa masa a gaban yaran. Motar da aka ɗaga tsakiyar nauyinta ya hau sama, tana da saurin kifewa a kwana, birki mai ƙarfi ma in aka danne shi ana cikin juya sitiyari zai iya taimaka mata ta kife, don haka a rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Mutum huɗu ne iyaka har da direba, ba a tsayuwa a baya, ba a ɗora yara a cinya a kujerar da ke kallon baya, mun kuma sa mai walda ya yi wa kujerar ƙarfen riƙewa, wannan kam aikinsa ne don ƙarfen kujerar baƙin ƙarfe ne. Yaron da ya saba danne feda da dukkan ƙarfinsa sai da na zauna gefensa muka yi ta sauka har ƙafarsa ta koyi sabon birkin. Alhaji kuma ya sa aka kwashe sakakkiyar tsakuwar da ke kwanar aka daddaɓe wurin.

Na bar musu ƙa'ida a rubuce a manne a ƙarƙashin kujera: duk sati a duba mai a tanki da iskar taya, in mai ya ragu a nemi inda yake zuba kar a ƙara kawai, bayan damina a buɗe dirom na baya a kakkaɓe a duba pad na gaba don jar ƙasa da ruwa suna cin su da sauri, mai kuma a zubar a sa sabo duk shekara biyu ko da bai yi baƙi ba. Mun sa a cikin odar an haɗo da pad saiti biyu na ajiya, don ba abu ne da za ka shiga kasuwa a Bauchi ka samu a take ba, na kuma ajiye tsohon kwalin mai lambar pad ɗin a ofishin wurin. Akwai mota ta biyu a wurin, ita ba a ɗaga ta ba, tayarta ta asali ce kuma a fili take aikin kai kujeru da kuloli, ita na ce ba ta buƙatar faifai, takalma da waya kawai muka canza mata, da sharaɗin ba za ta ɗauki fasinja a gangaren ba.